Maria Sibylla Merian da Shuɗin Malam-buɗe-littafi

Ɗalibi, ka san cewa malam-buɗe-littafin da kake gani yana shawagi a kan furanni tsutsa ne a farkon rayuwarsa? A yau wannan sanannen abu ne. Amma shekaru ɗari uku da suka wuce, mutane da yawa a Turai sun ɗauka daga laka ƙwari suke fitowa. Cikin waɗanda suka gyara wannan kuskure akwai wata mace, Maria Sibylla Merian.

An haife ta a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus a 1647. Mahaifinta ya rasu tana da shekara uku, mijin mahaifiyarta ne ya koya mata zane. Tana 'yar shekara goma sha uku ta fara kiwon tsutsar siliki, tana lura da yadda take sauya kama.

A 1699, tana da shekara 52, ta sayar da zane-zanenta ta shiga jirgin ruwa tare da 'yarta Dorothea zuwa Surinam a Kudancin Amurka. Ka tuna, a zamanin nan ba a saba ganin mace ta yi irin wannan tafiya don neman ilimi ba. Bayi 'yan asalin Afirka da mutanen ƙasar su suka sare mata hanya a daji, suka kawo mata tsutsotsi, suka kuma gaya mata amfanin tsirrai. Rashin lafiya ya tilasta mata komawa Amsterdam a 1701. Bayan shekara huɗu ta buga littafinta a kan ƙwarin Surinam, mai ɗauke da manyan zane sittin.

Cikinsu akwai wani babban malam-buɗe-littafi mai shuɗin fukafukai masu sheƙi. Ita ba ta raɗa masa sunan kimiyya ba, domin burinta shi ne ta nuna rayuwar ƙwaro tare da tsiron da yake ci. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, wanda ya dogara da zanenta wajen rarraba ƙwari da dama, shi ya kira shi Papilio menelaus a 1758. Daga baya masana suka mai da shi rukunin Morpho, yanzu sunansa Morpho menelaus.

Aikinta bai rasa kuskure ba, wani lokaci ta haɗa tsutsa da malam-buɗe-littafin da ba nata ba. Merian ta rasu a Amsterdam a 1717, bayan ciwon shanyewar jiki na shekara biyu.