Monika, Mai Sulhunta Gida

An haifi Monika wajen shekara ta 331 a garin Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yau. Aka aurar da ita ga Fatrisiyus, mutum marar bi, mai zafin rai. Sa'ad da fushinsa ya tashi ba ta mayar masa da magana, sai ta bari ya huce tukuna, kana ta faɗi nata da ladabi. Barorin gida kuwa suka yi ta kai tsegumi wurin surukarta, har tsohuwar ta ƙi jininta, amma haƙurin Monika ya rinjaye ta, suka zauna lafiya. In mata biyu suka saɓa, ba ta ɗaukar baƙar maganar wannan ta kai wa waccan, sai abin da zai shirya su.

Mijinta ya ba da gaskiya kafin rasuwarsa. Ɗanta Agustin, wanda ta daɗe tana yi masa addu'a da hawaye, ya karɓi baftisma a Milan a shekara ta 387. Cikin shekarar nan ta rasu a Ostiya.

Ya mai karatu, ka kiyaye harshenka a cikin gida, gama nan ne ake fara gane mai bi.