Walt Disney, mutumin da wasu ke sa masa hannu

A wuraren shaƙatawa na Disneyland, ko na Kalifoniya ko wanda ke wajen birnin Paris, akwai layin da ba na hawa lilo ba ne. Yara ne riƙe da ƙaramin littafi da alƙalami mai kauri, suna jiran wanda ya yi shigar Mickey ko Donald ya rubuta musu sunansa. Dole alƙalamin ya yi kauri, don safar hannun Mickey ƙatuwa ce mai yatsu huɗu, siririn bik zamewa yake yi. Wanda ke cikin kayan ba ya magana, ba a faɗin sunansa, kuma an koya masa ya rubuta sunan ɓeran daidai da yadda takwaransa na Tokyo ko Florida ke rubutawa. Iyali su koma gida da littafin, a adana shi tare da hotunan hutu.

Wanda ya kafa wurin ma haka nasa sa hannun yake. Sunan Walt Disney da ke fitowa a farkon finafinan kamfanin, da lanƙwasasshen harafin D ɗin nan, yana cikin sa hannun da aka fi sani a duniya, amma hannaye da yawa ne suka riƙa rubuta shi, tun mai sunan na raye.

An haifi Walter Elias Disney ranar 5 ga Disamba, 1901, a birnin Shikago na Amurka, shi ne na huɗu cikin ƴaƴa biyar. Mahaifinsa Elias haifaffen Kanada ne, mutum mai tsanani da ya yi ta sauya sana'a ba tare da ya tara abin kirki ba. A 1906 iyalin suka koma gona a ƙauyen Marceline na jihar Missouri, inda Walt ya fara zanen dabbobi. A 1911 suka koma Kansas City, mahaifin ya sayi ikon rarraba jarida a wata unguwa, kuma ƴaƴansa ne ma'aikatan. Tun ƙarfe huɗu da rabi na asuba Walt da yayansa Roy ke fita raba jarida cikin sanyi da ƙanƙara, sannan a wuce lakwal a yi ta gyangyaɗi.

A 1918 ya so shiga soja, aka ce shekarunsa ba su kai ba. Sai ya gyara shekarar haihuwarsa a takarda, ya shiga ƙungiyar agaji ta Red Cross a matsayin direban motar ɗaukar marasa lafiya. Ya isa Faransa bayan an tsagaita wuta, ya yi kusan shekara guda yana tuƙi yana zane a jikin motarsa. Da ya dawo Kansas City ya samu aikin zanen tallace-tallace, a nan ya haɗu da wani saurayi mai shiru-shiru, Ub Iwerks, wanda ya fi shi iya zane nesa ba kusa ba. Kamfanin fim ɗin zane da Walt ya kafa a garin, Laugh-O-Gram, ya karye a 1923. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Hollywood, shi da Roy suka buɗe sabon kamfani a watan Oktoba na shekarar, da sunan ƴan'uwa biyu. A 1926 aka cire ƴan'uwantakar daga allo, ya rage sunan Walt kaɗai, ko da yake Roy ne ya ci gaba da riƙe kuɗi da neman bashi har ƙarshe.

Abin da ya same shi a farkon 1928 ne ya ƙulla masa hali. Kamfaninsa na yin fim ɗin wani zomo mai suna Oswald, kasuwa ta karɓe shi. Walt ya tafi New York neman ƙarin kuɗi wajen mai rarraba finafinan, Charles Mintz, sai aka ce masa ragi ma za a yi. A nan ya gane cewa a takarda zomon mallakin kamfanin Universal ne, kuma Mintz ya riga ya janye masa yawancin masu zanensa. Ya dawo ba zomo ba ma'aikata, sai Iwerks da ya ƙi binsu. Daga ranar bai sake yarda wani abu ya fita daga kamfaninsa ba tare da ya mallake shi ba. Zomon kuwa sai a 2006 ya dawo gida, a wani ciniki mai ban dariya da aka yi musayarsa da mai sharhin wasanni Al Michaels, wanda ya koma tashar NBC.

Mickey ne ya maye gurbin zomon. Matar Walt, Lillian, ita ta ƙi sunan Mortimer da ya fara zaɓa. Iwerks ya zana siffar ɓeran, kuma shi kaɗai ya zana fim na farko, ana cewa yana yin zane kusan 700 a rana. Fim ɗin Steamboat Willie, da aka fara nunawa a New York ranar 18 ga Nuwamba, 1928, ya haɗa zane da sauti yadda jama'a ba su saba gani ba. Muryar Mickey ta Walt ce, ya riƙe ta har 1947, amma hannun na Iwerks ne, don a lokacin Walt ya daina zanen fim da kansa. Marubuta tarihinsa na ba da labarin wata liyafa da yaro ya roƙe shi ya zana masa Mickey, sai ya miƙa wa Iwerks takardar ya zana, shi kuma ya sa hannu. Iwerks ya fusata ya ƙi. A 1930 ya bar kamfanin, sai bayan shekaru goma ya dawo.

Ba Iwerks kaɗai ba ne. Labarin Mickey da ke fitowa a jaridu kullum, Floyd Gottfredson ne ya zana shi daga 1930 har 1975, amma sunan Walt Disney ake gani a kai. Waɗanda suka taso da karanta Journal de Mickey ko Picsou a Yamai ko Damagaram sun san attajirin agwagwan nan mai rowa da ke wanka cikin kuɗi. Carl Barks ne ya ƙirƙiro shi a 1947, kuma masu karatu sun daɗe ba su san sunansa ba, sai wajen 1960 wasu masoya suka tono shi. Wasiƙun masoya ma da suka yi yawa, kamfanin ya ba wasu masu zane, irin su Hank Porter da Bob Moore, izinin sa hannu a madadinsa. Shi ya sa masu cinikin tsofaffin takardu a yau ke sa ƙwararru su tantance wanda Walt ya rubuta da wanda aka rubuta masa, don farashin ba ɗaya ba ne.

Zalunci ne a ce bai yi komai ba. Shi ke riƙe da labari, shi ke tsayuwa gaban ma'aikata yana kwaikwayon kowane ɗan wasa har su ga fim ɗin kafin a zana shi, kuma shi ke jefa kamfanin cikin bashi kan abin da kowa ke cewa ba zai yiwu ba. Fim ɗin Snow White na 1937, wanda ya ci kusan dala miliyan 1.5 ana yi masa dariya, ya zama fim mai sauti da ya fi kowanne kawo kuɗi a lokacin. Ya lashe kyautar Oscar 22 a gasa, adadin da har yau ba wanda ya kai. Nasarar ta zo da baƙin ciki: gidan da shi da Roy suka saya wa iyayensu, a cikinsa hayaƙin na'urar ɗumama ɗaki ya kashe mahaifiyarsu Flora a Nuwamba 1938.

Ma'aikata dai ba su yi shiru ba. A watan Mayu 1941 masu zane suka shiga yajin aiki, kan albashi da ƴancin kafa ƙungiya, da kuma ƙorafin rashin ganin sunayensu a fim. Walt ya ɗauki abin cin amana. A 1947 ya tsaya gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka da ke farautar ƴan gurguzu, ya ambaci sunayen wasu jagororin yajin, a zamanin da irin wannan zargi kan raba mutum da aiki. Fim ɗinsa Song of the South na 1946 ma ya sha suka daga ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP, saboda yadda ya ƙawata zaman baƙaƙe a gonakin kudancin Amurka.

Tunanin Disneyland, a yadda shi ya bayar, ya zo masa ne yana zaune kan benci a lambun Griffith na Los Angeles yana cin gyaɗa, ƴaƴansa mata Diane da Sharon na kan lilo. Ya so wurin da uba da ɗa za su yi wasa tare. Bankuna suka noƙe, sai tashar talabijin ta ABC ta zuba dala 500,000 ta kuma tsaya masa wajen bashi, shi kuma ya ba ta shirin mako-mako. Aka sare gonakin lemu eka 160 a Anaheim, aka kashe dala miliyan 17. Ranar buɗewa, 17 ga Yuli, 1955, abin ya dagule: tikitin jabu, cunkoso, kwalta mai laushi da ke kama takalman mata, famfunan ruwan sha a bushe. Hatta kayan Mickey da Minnie aro aka yi daga wata ƙungiyar masu wasa kan ƙanƙara, Ice Capades, kuma wanda ya ga hotunan ranar zai yarda sun fi kusa da tsorata yaro. Daga baya ne mai zane Bill Justice ya tsara kayan da suka yi kama da na fim.

Shirin talabijin ya sa an san fuskar Walt, har yawo cikin wurin da ya gina ya zamar masa wahala. Ya tanadi ɗaki a saman ofishin kashe gobara na babban titin Disneyland, titin da aka tsara da tunanin Marceline. Da ya sauko sai a kewaye shi da takardu. Ma'aikatansa sun ba da labarin cewa yakan zuba ƴan takardun da ya riga ya sa wa hannu a aljihu, ya miƙa wa yaro ya wuce kafin taro ya rufe shi.

Sunan kansa ya zama kadara. Tun 1953 ya ba kamfanin hayar sunan ta hannun wani kamfani nasa na ƙashin kansa, kuma a 1982 iyalinsa suka sayar wa kamfanin da shi gaba ɗaya.

Walt mashayin taba ne tun yana saurayi. A Nuwamba 1966 likitoci suka gano sankara, suka cire masa huhun hagu. Ya mutu ranar 15 ga Disamba, 1966, a wani asibiti da ke kallon kamfaninsa a Burbank, yana da shekaru 65. Jita-jitar cewa an daskarar da gawarsa ƙarya ce: ƙona ta aka yi, aka binne tokar a maƙabartar Forest Lawn ta Glendale. Roy ya fasa ritaya ya ƙarasa babban wurin Florida, ya dage a sa masa Walt Disney World da cikakken sunan ƙanensa, ya buɗe shi a Oktoba 1971, ya mutu a Disamba na shekarar. Na Tokyo ya biyo baya a 1983, na Paris a 1992, a ƙarshen layin jirgin RER A da mazauna birnin ke hawa da yaransu lokacin hutu.

Ranar 1 ga Janairu, 2024, haƙƙin mallakar Steamboat Willie ya ƙare a Amurka bayan shekaru 95, kowa na iya amfani da Mickey na cikin wannan fim. A allon farko na fim ɗin sunaye biyu ne: na Walt Disney, da na Ub Iwerks a matsayin wanda ya zana.