Alhassan Ɗantata: Attajirin da taimakonsa ya riga zamanin gidauniyoyi

A yau idan ƙungiyar mata ko ta matasa a Mirriya, Damagaram ko Kano tana neman tallafin haƙa rijiya ko gyaran makaranta, takarda take rubutawa zuwa ga wata gidauniya. Shekaru ɗari da suka wuce, mai irin wannan buƙata ƙofar gidan attajiri yake zuwa. A ƙasar Hausa kuwa da wuya a samu ƙofar da ta kai ta Alhaji Alhassan Ɗantata suna.

An haifi Alhassan a garin Bebeji na ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa da suka shahara da fatauci. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ɗan yaro, mahaifiyarsa Amarya kuma ta koma Accra da ke Ghana ta yau don ci gaba da kasuwanci. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta raine shi, daga nan ya samo laƙabin Ɗantata.

Ƙuruciyarsa ba ta zo da sauƙi ba. A Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa, an kama shi tare da 'yan'uwansa, sai da suka fanshi kansu. Bayan ƙura ta lafa ya shiga fataucin goro zuwa Gwanja. Yana cikin 'yan kasuwar Arewa na farko da suka gane cewa ɗauko goro ta jirgin ruwa daga Accra zuwa Legas ya fi ayarin jakuna sauri da riba.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta buɗe kasuwar gyaɗa, wadda ta jawo amfanin gona har daga ƙasar Damagaram. A 1918 Ɗantata ya zama mai saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa, kuma ba a yi nisa cikin shekarun 1920 ba ya zarce sauran attajiran Kano. Sa'ad da bankin Turawa na Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa ya kai ajiyar tsabar azurfa kayan raƙumi 20.

Wannan dukiya ta ginu ne a kan amana. Yakan ba yaransa da wakilansa jari tun kafin kaka, su shiga ƙauyuka su sayo gyaɗa, su dawo a yi lissafi. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa, har wata rana ya tsaya da ƙafafunsa. Ta wannan hanya mutane da dama suka zama 'yan kasuwa masu cin gashin kansu. Baya ga haka, an san shi da ciyar da mabuƙata, kyautata wa malamai, da biya wa mutane kuɗin aikin Hajji.

Sai dai irin wannan taimako na hannu da hannu yana da rauni guda: ya dogara da ran mai bayarwa da kuma wanda ya san hanyar ƙofarsa. Da alama Ɗantata ya hango haka game da dukiyarsa, domin kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa ya hore su da kada su bari kasuwancin ya watse. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, kamfanin Alhassan Dantata and Sons kuma ya ci gaba a hannun 'ya'yansa.

Zuriyarsa ce ta mayar da wannan al'ada tsararren aiki. Ɗansa Sanusi shi ne mahaifin Hajiya Mariya, mahaifiyar Aliko Ɗangote. A 1994 aka kafa Gidauniyar Ɗangote, wadda a 2014 Aliko ya ware mata dala biliyan 1.25, tana mai da hankali kan lafiya, abinci mai gina jiki, ilimi da tallafa wa marasa ƙarfi. Ta haɗa hannu da Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta Amurka da gwamnatocin jihohin Arewa, ciki har da Kano, wajen allurar rigakafin yara. A watan Agustan 2020 aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali.

Tsakanin zamanin Ɗantata da na tattaɓa-kunnensa, hanyar neman tallafi ta sauya. Yanzu gidauniyoyi kan nemi takardar rajistar ƙungiya, asusun banki da sunanta, bayanin aikin da za a yi da kasafinsa, sannan rahoton yadda aka kashe kuɗin. Ƙungiyar da ba ta da waɗannan takan rasa tallafi ko da buƙatar jama'arta ta gaske ce. Amma sharaɗin bai bambanta da wanda attajirin unguwar Ƙoƙi ya riƙa gindaya wa yaransa ba: wanda ya dawo da lissafin jarin bara daidai, shi ake ba na bana.