Taƙaitaccen Tarihin Otto Jespersen, Masanin Nahawun Turanci

An haifi Otto Jespersen a garin Randers na ƙasar Danmak a shekarar 1860. Da karatun shari'a ya fara, daga baya ya koma nazarin harsuna, har ya zama farfesan Turanci a Jami'ar Copenhagen daga 1893 zuwa 1925. Bai tashi da Turanci ba, kamar yadda ni ma ban tashi da Hausa ba, amma ya rubuta nahawun harshen cikin juzu'i 7. Na farko ya fito a 1909.

Abin da ya fi burge ni shi ne nazarinsa kan ganga dogarau marar alama. A Hausa dole mu ce “littafin da na saya”, ba a yar da “da”. Bature kuwa yakan ce “the book I bought”, babu “that” babu “which”. Ɗalibin da ke farautar waɗannan kalmomi kaɗai sai ya tsallake gangar, ya yi asarar maki a jarrabawa. Jespersen ya raɗa mata suna “contact clause”, domin manne take da sunan da take bayani a kai.

Ya rasu a Roskilde a 1943, shekara 6 kafin juzu'in ƙarshe ya fito.