César Roux

César Roux (23 ga Maris, 1857 – 21 ga Disamba, 1934) likitan tiyata ne ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ɗaya daga cikin manyan tiyatocin rage ƙiba ke ɗauke da sunansa.

Rayuwa da karatu

An haife shi a ƙauyen Mont-la-Ville. Ya karanci likitanci a Bern, ya koyi tiyata a wajen Theodor Kocher, sannan ya zama farfesa a Jami'ar Lausanne a shekarar 1890. A Lausanne ya rasu.

Aiki

A 1892 ya fara haɗa tumbi da ƙaramin hanji a siffar harafin Y, domin waɗanda mafitar tumbinsu ta toshe. Daga baya ya daina, saboda gyambon da ke fitowa a wurin ɗinkin.

Tasiri

A 1977 likitan Amurka Ward Griffen ya yi amfani da dabarar wajen rage ƙiba. A yau likita da majinyaci kan zaɓi tsakaninta da yanke yawancin tumbi. Tiyatar Roux ta fi magance ƙwannafi, sai dai tana rage tsotsar sinadarin ƙarfe da bitamin, don haka majinyaci zai riƙa shan su tsawon rayuwarsa.