Charles de Foucauld: limamin Kirista da ya zauna shekara goma sha ɗaya a cikin Buzayen Tamanraset

Ƴan Nijar da ke zuwa ci-rani Tamanraset ta hanyar Agadas da Arlit sun san wani tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da ke tsakiyar garin. A bakin ƙofar wannan gini aka harbe Charles de Foucauld ranar 1 ga watan Disamba 1916. Bafaranshe ne, tsohon hafsan soja, limamin ɗarikar Katolika, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya cikin Buzayen Ahaggar ba tare da ya mai da ko mutum ɗaya daga cikinsu Kirista ba. Duk da haka, a ranar 15 ga watan Mayu 2022 Fafaroma Francis ya sa shi cikin waliyyan cocin Katolika.

An haife shi a birnin Strasbourg ranar 15 ga Satumba 1858, a gidan masu sarauta da dukiya. Uwa da uba suka rasu a shekara guda, bai cika shekara shida ba, kakansa na wajen uwa ya riƙe shi tare da ƙanwarsa Marie. Tun yana saurayi ya bar addini. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1876, kakan ya rasu bayan shekara biyu ya bar masa gado mai yawa, shi kuwa ya shiga cinye shi a liyafa da sharholiya. A makarantar sojan doki ta Saumur shi ya zo na ƙarshe a ajinsu. Da aka tura rundunarsu Aljeriya ya tafi da farkarsa, manyansa suka ce ya sallame ta, ya ƙi, aka dakatar da shi daga aiki.

Tsakanin 1883 da 1884 ya yi wata goma sha ɗaya yana yawon bincike a Maroko, lokacin da ba a barin Turawa su shiga cikin ƙasar. Ya ɓad da kama da shigar malamin Yahudawa, tare da ja-gora mai suna Mardochée, yana ɓoye ɗan littafi a tafin hannu yana rubuta tsawon hanyoyi da tsayin duwatsu. Aikin ya jawo masa lambar zinariya ta ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris. Sai dai abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda ya ga Musulmi na barin komai su fuskanci alƙibla idan lokacin salla ya yi. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ganin ibadarsu ya girgiza shi. Bai musulunta ba. A ƙarshen Oktoba 1886 ya shiga majami'ar Saint-Augustin a Paris ya sadu da wani limami mai suna Huvelin, ya tuba ya koma addinin iyayensa.

Daga nan tunani guda ya kama shi har mutuwarsa. Bisa ga Linjila, Yesu Almasihu ya yi kusan shekara talatin a Nazarat yana aikin hannu a matsayin talaka cikin talakawa kafin ya fara wa'azi, kuma waɗannan shekarun ne Foucauld yake son kwaikwaya. A 1890 ya shiga wata ɗarika ta masu zuhudu, aka tura shi gidansu na Akbes a ƙasar Sham, inda ake noma da addu'a da shiru. Nan ma bai gamsu ba, domin ya lura leburorin da ke maƙwabtaka da su sun fi masu zuhudun talauci. A 1897 ya fita, ya tafi Nazarat, ya zama bara a gidan wasu mata masu zuhudu. Shekara uku yana kwana a ɗan ɗakin ajiyar kayan lambu, yana shara, yana zuwa aike.

An naɗa shi limami ranar 9 ga Yuni 1901, ya nemi a tura shi Sahara. A Beni Abbes, yammacin Aljeriya, ya gina gida ya bar ƙofarsa a buɗe ga matafiya da marasa lafiya da sojoji da bayi. Ya tarar ana bauta a fili, hukumar Faransa ta kau da kai don kada ta ɓata da manyan ƙasa. Ya rubuta wasiƙu masu zafi ga shugabannin cocinsa yana neman a ta da maganar, aka ba shi shawarar ya sassauta. Da ɗan kuɗin da danginsa ke aiko masa ya fanshi wasu bayi kaɗan, cikinsu har da Paul Embarek, wanda ya bi shi zuwa kudu.

A watan Agusta 1905 ya isa Tamanraset, wadda a lokacin ba ta wuce gidaje ashirin ba. Musa ag Amastan, amanokal na Kel Ahaggar, shi ya ba shi izinin zama. Ya gina wani ɗaki siriri na dutse da laka, rabi wurin ibada rabi wurin kwana da rubutu. Ba shi da mabiyi, ba shi da abokin addini, har ya yi watanni bai yi babbar addu'ar cocinsu ba domin ƙa'ida ta hana limami ya yi ta shi kaɗai, sai a farkon 1908 aka ba shi izini na musamman. Ranakunsa kuwa a kan ƙananan abubuwa suke ƙarewa: wannan ya zo neman magani, waccan allura da zare, wani hatsi, wani shawara kan rigimar gida, wani hira kawai ta kawo shi. Ya koyi saƙa don ya koya wa mata. Idan aka buga ƙofa yana tsakiyar addu'a, sai ya tashi ya buɗe, domin a fahimtarsa mai buga ƙofar yana cikin ibadar. Buzaye suna kiransa marabu, sunan da ake ba malamin addini.

Fari ya afka wa Ahaggar a 1907. Foucauld ya rabar da abincin da ya tanada, ga aikin rubutu da ba ya hutawa, sai a farkon 1908 ya kwanta ciwo har ya ɗauka ajali ne. Buzayen da kansu ke fama da yunwa suka bi makiyaya suna neman awakin da ke da sauran nono, suka riƙa kawo masa har ya tashi. Masu rubuta tarihinsa da dama na ganin wannan jinya ce ta canza shi. Mutumin da ya zo a matsayin mai bayarwa ya ga ransa ya rataya a hannun maƙwabtansa Musulmi, kuma daga lokacin zamansu ya fi kama da abota.

Babban aikin da ya bari shi ne na harshe. Ya kwashe shekaru yana zama da tsofaffi da mata yana rubuta kalmomi da karin magana da waƙoƙin Tamashek na Ahaggar. Ƙamus ɗinsa na Tamashek da Faransanci, wanda aka buga cikakke a 1951 da 1952, juzu'i huɗu ne mai shafi sama da dubu biyu, kuma har yau masu nazarin harshen suna komawa gare shi. Ya tattara baitocin waƙa kusan dubu shida, ya gama gyara su kwana uku kafin a kashe shi. Bai so a sa sunansa a kan littattafan ba.

Akwai ɓangaren da masu yabonsa kan yi saurin wucewa. Foucauld bai taɓa daina zama ɗan Faransa mai goyon bayan mulkin mallaka ba. Ya zauna a Ahaggar ne shekara uku bayan sojojin Faransa sun karya Kel Ahaggar a yaƙin Tit na 1902, kuma tsohon abokinsa Laperrine, kwamandan yankin, shi ya buɗe masa hanya. Yana rubuta wa hafsoshi labarin abin da ke gudana a ƙasar, yana ba su shawara, ko da yake yana sukar zaluncin wasunsu. A zuciyarsa yana fatan wata rana Buzaye su karɓi Kiristanci, yana ganin kyautatawa da abota ne share fagen hakan. Shi ya sa har gobe wasu ƴan Aljeriya ke kallonsa a matsayin idon ƴan mallaka, kuma wannan zargi ba daga iska ya faɗo ba. Mutumin da ya ba da abincinsa ga mayunwata shi ne kuma wanda ya yarda aka ajiye bindigogin Faransa a gidansa.

Gidan shi ne ginin mai kaurin bango, wanda ya gina don mutanen ƙauyen su fake idan an kawo hari, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya iso Sahara kuma ƴan Sanusiyya ke tunkarar Faransawa daga ɓangaren Libiya. Da yammacin 1 ga Disamba 1916 wani da ya sani ya kira shi da sunan an kawo wasiƙa. Yana buɗe ƙofa aka fizgo shi waje aka ɗaure. Ga alama maharan sun yi niyyar tafiya da shi ne, amma da sojojin raƙumi biyu suka ɓullo, yaron da aka bari yana gadinsa, ɗan shekara goma sha biyar, ya firgita ya harbe shi a kai. Paul Embarek yana wurin. A cikin wannan watan ne Kawsan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, wadda ba a karya ba sai a Maris 1917. Musa ag Amastan ya aika wa ƙanwar mamacin wasiƙar ta'aziyya.

Ya rubuta ƙa'idojin ɗarika tun yana raye, ba wanda ya zo ya zauna da shi ya dore. Sai a 1933 René Voillaume ya kafa Ƙananan Ƴan'uwan Yesu a Aljeriya, Magdeleine Hutin kuma ta kafa ta mata a 1939. Mabiyansu kan kama ɗaki a unguwar talakawa, su yi aikin lebura ko na masana'anta ko kiwo kamar kowa, ba sa buɗe wurin wa'azi. Wasunsu na zaune har yanzu a Assekrem, kan dutsen da ya gina ɗakin kaɗaici a 1911, kimanin kilomita tamanin daga Tamanraset. Kabarinsa yana El Meniya, inda aka mai da gawarsa a 1929.