Malam Sa'adu Zungur: ɗan gidan malamai da ya haɗa allo da ilimin magani

Idan aka ambaci Malam Sa'adu Zungur, waƙa da siyasa ne ke fara zuwa a rai. Ba kasafai ake tuna cewa ma'aikacin lafiya ne kafin ya shiga siyasa ba. Wannan ɓangare na rayuwarsa ya cancanci a waiwaye shi a yau da gardamar rigakafi ta ƙi ƙarewa a Arewa.

An haife shi a Bauchi wajen shekarar 1915, a gidan da ya shahara da malanta. Ya yi zurfi a Alƙur'ani da Larabci da fiƙihu, ya kuma shiga makarantar boko har ya kai Kwalejin Katsina. A 1934 ya tafi Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas domin koyon aikin asibiti, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga cikinta. Daga baya ya koma Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, inda ake horar da duba-gari, sannan ya koyar a makarantar harhaɗa magunguna ta Zariya.

A wancan zamani asibiti baƙon abu ne ga talaka. Mai magani Bature ne, mai karɓar haraji ma umarnin Bature yake bi, saboda haka jama'a ba su ga dalilin bambance su ba. Duba-gari kuwa ana yi masa kallon mai leƙa randar mutane ya jawo musu tara. A irin wannan hali Sa'adu ya zama mutum na daban: malamin addini ba zai raina karatunsa ba, likita ma ba zai ce bai san aikin ba.

Ciwon huhu ya tilasta masa barin aiki ya koma gida. A Bauchi ya haɗu da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda ke koyarwa a makarantar Midil, suka raya zauren muhawara inda ake yi wa hukuma tambayoyin da ba ta saba ji ba. A 1948 ya zama babban sakataren jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, daga baya kuma ya kasance cikin masu ɗora jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, a kan aƙidarta ta ceton talaka.

Alƙalaminsa bai bar kowane ɓangare ba. A Waƙar Bidi'a ya soki camfe-camfe da al'adun da aka cusa cikin addini. A Arewa Jamhuriya ko Mulukiya ya gargaɗi sarakuna da 'yan boko kan jahilci da zalunci. Ya kuma rubuta Maraba da Soja domin tarbar dakarun da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, waƙar da duk mai wucewa ta barikin Shadawanka a Bauchi ya kamata ya san da ita.

Yaƙin da waɗannan sojoji suka yi a Bama yana da nasa darasin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro ya fi harsashi kwantar da dakaru, don haka aka wajabta musu shan ƙwayar mepacrine kullum. Ƙwayar tana mayar da fata rawaya, sai jita-jita ta bazu a rundunar cewa tana kashe mazakuta. Janar William Slim ya magance abin da horon soja, har yana sauke kwamandojin da mutanensu suka ƙi sha. Amma farar hula ba soja ba ne, umarni kaɗai ba ya sa uwa ta miƙa ɗanta.

Arewa ta ga haka da idonta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya dace. Da zargi ya taso a 2003 cewa ɗigon rigakafin shan-inna yana hana haihuwa, sai ya tarar da zukata a shirye. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Lamarin ya gyaru ne bayan an sake gwada maganin, an kuma jawo malamai da sarakuna cikin aikin. A watan Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Duk da haka, da aka ƙaddamar da rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, tsohon zargin ya sake ɗago kai.

Sa'adu bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya rasu ranar 28 ga Janairun 1958 bayan doguwar jinya, bai kai shekara 45 ba, Nijeriya ma ba ta sami 'yancin kai ba tukuna. Jami'ar jihar Bauchi da ke Gaɗau tana ɗauke da sunansa a yau.

Abin da ya bari ga masu tsara manufofi a Abuja shi ne halinsa na riƙe abu biyu a lokaci guda: yaƙi da camfi, da kuma kare haƙƙin talaka na tambayar mai mulki. Ma'aikacin da zai kai sabon magani ƙauye ya shirya amsa tambayoyi uku cikin harshen mutane: wa ya gwada shi, a kan wa aka gwada, wa zai ɗauki alhaki idan ya cutar. Allah Ya jiƙan Malam Sa'adu, Ya sa Aljanna ce makomarsa.